Wane hostin zan saya wa shafin turarena, na gida ko na waje?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra da kulacca daga Kano, ina tura wa mutane kaya Abuja da Kaduna da Legas har Maraɗi da Yamai, duk a WhatsApp da Instagram nake ciniki. Yanzu ina son buɗe shafin intanet nawa na kaina. Wani yaro ya ce zai haɗa min amma sai na riƙa biyan kuɗin hostin da domen duk shekara, wani kuma ya ce in sayi na waje ya fi na Najeriya kyau. Ni ban gane kan abin ba. Wanne zan saya, kuma ta yaya zan san ba cutata za a yi ba?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a kasuwa ya ƙaro kastomomi na gari.

Amsar a taƙaice tukunna: ki sayi ƙaramin hostin na haɗaka, na shekara ɗaya kawai, a kamfanin da zaki iya biya da naira ba tare da kin roƙi kowa katin dala ba, kuma domen ɗin da asusun hostin ɗin duka su zama da sunanki da imel ɗinki da lambar wayarki. Irin kasuwancinki wannan ya ishe ki ya yi yawa ma. Sunan kamfanin da mutane suka fi ɓata lokaci a kai wallahi shi ne ƙaramin abu a maganar, ni a aikin haɗa wa 'yan kasuwa shafuka abin da na ga yana kashe shafi ba wai an zaɓi kamfani kaza an bar kamfani kaza ba ne, a'a, ko dai mai kasuwar ba ita ke riƙe da asusun ba, ko kuɗin sabuntawa ya fi ƙarfinta a shekara ta biyu, ko kuma abu ya lalace aka duba babu kwafin ajiya.

Yaron bai yi miki ƙarya ba kan biya duk shekara, haka abin yake. Abu biyu ne daban. Domen shi ne sunan da mutum zai rubuta ya zo wurinki, kamar adireshin da kike bai wa mutane, hostin kuma shagon da kika kama haya ne kika zuba kayanki a ciki, sai dai shi wannan shagon wani ɗan wuri ne a cikin babbar kwamfuta da ake ce wa saba wadda ba a kashe ta dare da rana. Kina iya tashi daga wannan shago ki koma wani ki tafi da sunanki, to amma in sunan ya kuɓuce miki shi ne babbar asara, domin shi kika buga a kwalaben humra da leda da kati, shi kastomomi suka haddace.

Shi ya sa nake son ki tsaya sosai a nan kafin maganar kamfani. Yadda aka saba yi shi ne mai kasuwa ta tura wa yaro kuɗi, shi kuma ya shiga ya yi rijistar domen da imel ɗinsa, ya ɗora shafin a cikin wani babban asusunsa da ya tara shafukan mutane goma ko ashirin a ciki, ya turo mata hoton shafin ta ji daɗi shikenan. Yawancinsu fa ba da mugun nufi suke yi ba, sauƙi suke nema kuma ita ma mai kasuwar cewa take "kai dai ka yi komai kawai". Sai shekara ta zagayo, yaro ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a wani gari ko an sace wayarsa ya canza layi ko kuma an ɗan samu saɓani kan kuɗi, kamfani ya yi ta tura saƙon tunatarwa zuwa imel ɗin da ba wanda ke dubawa, ranar nan kawai kastoma ta kira ta ce Hajiya shafinki ba ya buɗewa. In kika je wa kamfanin da kuka za su ce miki su ba su san ki ba, wanda sunansa ke kan asusun shi suka sani, kuma gaskiyarsu ce domin in suna miƙa asusu ga duk wanda ya kira ya ce nasa ne da ba wanda zai tsira da nasa. Na ga mace da ta yi shekaru tana tallata suna ɗaya ta dawo tana sake buga sitika da sabon suna saboda wannan, abin akwai ciwo.

Maganinsa ba wuya. Ki buɗe sabon Gmail na kasuwanci zalla, ki saka masa lambarki, ki kunna tsaron nan mai mataki biyu da ake turo miki lamba a waya kafin a shiga. Ki zaunar da yaron kusa da ke, ko ku yi ta kiran bidiyo, ke da hannunki ki buɗe asusun a shafin kamfanin da wannan imel ɗin, ke ki biya da katinki ko tiransifa daga akawun ɗinki, rasit ya zo miki. Bayan nan sai ki ba shi abin da yake buƙata ya yi aiki, wato hanyar shiga cPanel (shafin da ake sarrafa hostin da shi) da WordPress (manhajar da ake gina shafin da ita), amma kalmar sirrin imel ɗin da ta babban asusun da ake biyan kuɗi ta zauna wurinki ke kaɗai. Mai aikin kirki ba zai ji haushin wannan ba, wasu ma daɗi za su ji an sauke musu nauyi. In kika ga ya tubure wai sai dai a cikin asusunsa, to ki nemi wani.

Wajen zaɓen domen, akwai mai ƙarewa da .com.ng da .ng, su NiRA ce ke kula da su a Najeriya, akwai kuma .com na duniya da kowa ya sani. .com.ng ya fi arha nesa ba kusa ba kuma farashinsa bai cika rawa da dala ba, .ng gajere ne mai kyau amma ya fi tsada, shi .com asalin kuɗinsa da dala ne ko da kamfanin gida ya sayar miki da naira. Kar wani ya ruɗe ki cewa mutanen Maraɗi ko Yamai ko 'yan'uwanmu da ke Saudiyya ba za su iya buɗe .com.ng ba, ko'ina a duniya yana buɗewa. In da hali ki kama .com da .com.ng na sunanki duka biyu, ɗaya ya riƙa kai mutum kan ɗaya, saboda masu kwaikwayon suna su karɓi kuɗin mutane, kin san yadda ake fama da su a Instagram. Sunan ya zama gajere wanda zaki faɗa a waya mutum ya rubuta daidai, ki guji saka lambobi da ɗan layin nan na tsakiya. Kamfanoni da yawa suna cewa domen kyauta in kin sayi hostin, to na shekarar farko ne kawai, ki duba nawa ne a ta biyu. Kuma in domen ya ƙare ba a biya ba akwai 'yan kwanakin rangwame, daga nan na .com ya shiga wani mataki na kwana 30 da sai kin biya tara mai nauyi kafin a dawo miki da shi, bayan nan a sake shi kasuwa kowa ma ya iya saye. Saboda haka ki saka ranar a kalandar wayarki da wata guda kafin lokacin, kar ki dogara da saƙon kamfani kaɗai.

Yanzu shi hostin ɗin kansa. Zaki ga an jera miki na haɗaka, VPS, kilawud, da saba sukutum taki ke kaɗai. Na haɗaka shi ne ku da yawa kuna amfani da saba ɗaya kamfani na kula da ita, shi ya fi arha kuma shi ne naki. VPS yanki ne da aka keɓe miki, yana da ƙarfi, amma mafi yawan masu arhar nan irin na DigitalOcean ko Hetzner fanko ake ba ki, ke zaki girka komai ki riƙa toshe ƙofofin tsaro kina sabunta manhajoji, in abu ya tsaya ƙarfe biyun dare ke ce injiniyan. Samari masu koyon aiki suna son VPS saboda suna ƙaruwa da ilimi a kai, ban ga laifinsu ba, amma ba da kasuwarki ya kamata a yi gwaji ba. Ranar da shafinki ya fi ƙarfin na haɗaka zaki sani, kuma a lokacin cinikin da ke shigowa zai biya na gaba cikin sauƙi.

Mu yi ɗan lissafi ki ga ba kya buƙatar babban wuri. Ki ce kina da kaya kala 200, kowanne hoto 3, hoto 600 kenan. In an matse kowane hoto ya dawo kilobait 200, duka mega 120 ne. WordPress da WooCommerce (mai mayar da shafin kantin sayar da kaya) da 'yan fulogin ɗin da za a ƙara, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi ayyuka, ba za su wuce 'yan ɗaruruwan mega ba, kinga giga 5 ma ya ishe ki shekaru. Amma in ana ɗora hoton yadda ya fito daga kyamarar waya, mega 4 kowanne, hoto 600 ɗin nan sun zama giga 2 da ɗoriya, kuma kastoma da ke Funtuwa ko Azare da sabis mai rauni zata tsaya tana kallon farin allo datarta na tafiya har ta gaji ta fita. Sau tari in an ce min hostin ba shi da sauri, in na duba sai in tarar hotuna ne ba a matse ba. Bidiyon hayaƙin turare kuwa kar ki ɗora shi kan hostin sam, ki bar shi a YouTube ko Instagram a jawo shi cikin shafin.

Maganar "babu iyaka" da zaki gani da manyan baƙi a tallansu, kar ta ja ki. Babu kwamfutar da ba ta da iyaka. Abin da suke yi shi ne su sake miki wurin ajiya amma su ƙayyade yawan fayil ɗin da zaki iya tarawa, da rabon ki na RAM da CPU, wato ƙarfin aikin sabar, da yawan mutanen da shafin zai yi wa aiki a lokaci guda, duk yana rubuce a ƙananan sharuɗɗan da ba mai karantawa. Ranar da kika saka talla ana gobe jajibirin sallah mutane suka danno tare, a nan ne zaki ga shafi ya fito da kuskure mai lamba 508 ko 503. Don haka abin tambaya shi ne RAM nawa aka ware wa fakej ɗin, ga WooCommerce ni ba na son ƙasa da giga 1, 2 ya fi kwanciyar hankali. Sai ki tabbatar faifan ajiyarsu SSD ne ko NVMe, suna da PHP 8, in kuma sabar tasu LiteSpeed ce to ƙari ne mai kyau domin akwai fulogin ɗinta na kyauta da ke sa WordPress sauri sosai. Ba sai kin fahimci kowanne ba, ki kwafi tambayoyin ki tura musu, yadda za su amsa ma kansa zai nuna miki irin mutanen da zaki yi hulɗa da su.

To na gida ko na waje. Wanda ya ce miki na waje ya fi kyau yana da ɗan gaskiya, manya irin su Hostinger da Namecheap da SiteGround suna da kayan aiki masu kyau da shafin sarrafawa mai sauƙi, ba zan ɓoye miki ba. Amma bai gaya miki ɗaya ɓangaren ba, wato kuɗi. Ki tuna kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, da aka sake ta, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 60 a shekara, lissafinsa ya tashi daga naira 27,600 ya koma 90,000 alhali ko hoto ɗaya bai ƙara a shafin ba. Ga kuma wahalar da aka sha tun 2022 lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, wasu har zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, mutane suka koma neman katin dala na manhaja ko roƙon ɗan'uwa da ke waje ya biya musu. Shafuka da yawa a lokacin nan suka mutu, ba don masu su ba su da kuɗin ba, hanyar biya ce ta toshe. Abubuwa sun ɗan sassauta daga baya amma ke da cinikinki da naira yake, gara nauyin da ke kanki duk shekara shi ma ya zama da naira.

Sannan akwai salon farashinsu. Arhar da ake nunawa a gaba wai dala biyu ko uku a wata, sai kin biya na shekara biyu ko huɗu a dunƙule kike samunta, in wa'adin ya cika kuma sabuntawa ta ninka sau biyu ko uku. Ba a ɓoye yake ba, yana nan da ƙananan baƙi a ƙarƙashin farashin, amma ido kan babban yake sauka. Na gida ma wasu suna yin haka, kuma su ma suna ƙara kuɗi in dala ta tashi domin lasisin cPanel da hayar saba da dala suke biya, sai dai nasu ƙarin yakan zo da sauƙi kuma kina iya yin tiransifa daga wayarki a gama. Duk inda kika je, farashin shekara ta biyu shi ne farashin gaskiya, da shi zaki auna.

Wani abin da mutane ba su sani ba, kamfani yana iya zama na Najeriya da ofis a Legas ko Abuja amma sabar tasa tana Amurka ko Jamus ko Ingila. Wannan ba aibi ba ne, amma ki tambaya ki sani. Nisa yana da tasiri, duk dannawar da kastoma ta yi sai saƙo ya je inda sabar take ya dawo ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da WACS da Equiano na Google da ya iso Legas a 2022. Saba a Legas ko Landan ko Amsterdam ko Frankfurt duk lafiya lau ga mai kastomomi a Najeriya da Nijar, ita Nijar da ma ba ta da teku intanet ɗinta ta maƙwabta yake biyowa. Wadda zan ce ki kauce mata ita ce ta can yammacin Amurka ko Singafo ko Indiya, ta yi nisa ba dalili. Saba ta cikin gida tana da wani amfani da aka gani ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa intanet ya rikice a Afirka ta Yamma, abin da ke ajiye a cikin ƙasa kuma yake haɗe da IXPN, wato mahaɗar kamfanonin intanet na Najeriya, bai dogara da teku ba kafin ya kai ga mai MTN ko Airtel. Amma irin wannan ba kullum yake faruwa ba, ba zan ce ki zaɓi kamfani saboda shi kaɗai ba. Ko ina sabar take, a haɗa miki shafin da Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin kayan shafi kusa da masu buɗe shi, suna da tsarin kyauta kuma suna da na'urori a Legas, sai hotunanki su riƙa zuwa wa mutane daga kusa.

Cikin waɗanda ake biya da naira da aka daɗe ana jin sunansu akwai Whogohost da aka taɓa sauya wa suna zuwa GO54, da QServers, da Web4Africa, da SmartWeb, da Truehost. Ba wanda ya biya ni in ambace shi kuma ba zan ce miki ga zakara ba, domin kamfani yana iya yin kyau bana baɗi ya cika sabarsa da mutane ya lalace. Ki ɗauki biyu ko uku ki gwada su da kanki tun kafin ki biya. Ki tura musu tambaya da daddare ko ranar Lahadi ki ga minti nawa za su ɗauka, kuma mutum ne ya karanta ya amsa abin da kika tambaya ko amsar gwangwani aka manno miki. Ki tambaye su kai tsaye: nawa zan biya shekara mai zuwa, a wace ƙasa sabarku take, sau nawa kuke ɗaukar kwafin ajiya kuma kuna cajin kuɗi in za a dawo min da shi, in na fasa cikin kwana nawa kuke mayar da kuɗi. Da yawa suna ba da kwana 30 amma ban da kuɗin domen. Alƙawarin da suke yi na cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari, ma'anarsa ana iya samun kusan awa 9 a shekara da zai ɗauke, in kuwa 99 ne kawai to ya haura kwana uku da rabi. Akwai UptimeRobot da zai riƙa leƙa shafinki ya turo miki saƙo in ya faɗi, a saka miki shi tun watan farko lokacin da kike da damar karɓar kuɗinki.

Kwafin ajiya kuwa Hajiya ina roƙonki kar ki yi wasa da shi. Kamfani zai ce miki muna ɗauka kullum, madalla, amma in kika karanta sharuɗɗan mafi yawansu zaki ga sun rubuta cewa alhakin bayananki yana wuyanki. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga manyan kamfanonin hostin na Turai, gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabar sun rasa komai har abada. In hakan ta faru da irin wannan kamfani to ba wanda ya fi ƙarfinta. Ki sa a girka miki fulogin irin UpdraftPlus a haɗa shi da Google Drive na wannan imel ɗin naki, ya riƙa tura kwafin shafin duk mako, bayanan oda kuma kullum in ciniki ya kankama. Kuma a gwada dawo da shi sau ɗaya a gabanki a ga yana aiki, domin akwai kwafin da sai ranar buƙata ake gane rabi ne. Wannan kwafin da ke hannunki shi ne kuma 'yancinki, duk ranar da kamfani ya gundure ki sai a ɗauka a kai wani, a juya domen ya nuna sabon wuri, kastoma ba zata ma san an yi ƙaura ba.

SSL, wato tsaron shafi da wasu burauza ke nunawa da ɗan makulli a gefen adireshi, kar ki biya kuɗinsa daban. Let's Encrypt suna bayar da shi kyauta kuma kowane hostin na kirki yana saka shi ya riƙa sabunta kansa. Tun Yulin 2018 Chrome ke rubuta wa shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne, ba mai tura kuɗi a irin wannan shafi. Kamfanin da ya ce sai kin sayi nasa dole, ki wuce.

Wajen karɓar kuɗi, Paystack da Flutterwave da Monnify duk suna haɗuwa da WooCommerce, kuma lambar katin kastoma a wurinsu take tsayawa ba ta zama a shafinki, wannan rahama ce gare ki. In kina da rijistar CAC abin ya fi sauƙi. Amma ni da zaki bi shawarata, da farko ki sa kaya da farashi da hoto mai kyau da maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowanne, domin mutanenmu musamman mata masu sayen turare suna son su ji muryarki, su tambaya wanne ya fi kama jiki wanne ya fi na ɗaki, su nemi ragi, sannan su yi tiransifa. Biya da kati ya zama ƙari ga mai so. Ki tuna kuma sunaye da lambobi da adireshin gidajen matan aure ne za su taru a shafin nan, amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta ɗora nauyin tsare su a kan mai kasuwa. A nan ne zan ja kunnenki kan abu ɗaya da ya yi yawa a wurinmu, tim (wato zanen fasalin shafi) da fulogin na sata waɗanda aka fasa ake rabawa kyauta a Telegram. Yaro zai ga ya rage miki kuɗi, amma sau da yawa an dasa ƙofar baya a cikinsu, wata uku sai ki ga shafinki yana kai mutane wurin caca ko abin kunya, kamfanin hostin ya dakatar da ke, Google ya saka miki jan gargaɗi. Na kyauta na halal da ke cikin ma'ajiyar WordPress sun ishe ki, ki faɗa masa haka ƙarara.

Imel mai sunan kasuwarki yakan zo tare da hostin, yana da kyau a kati. Matsalarsa a na haɗaka wani maƙwabcinki a sabar yana iya tura saƙonnin banza a ɓata sunan sabar gaba ɗaya, naki ma ya riƙa faɗawa kwandon shara. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsauri, don haka a saita miki SPF da DKIM, wato shaidar cewa imel ɗin daga wurinki ya fito, tun ranar farko, aikin minti kaɗan ne. In imel ya zama babban abu a harkarki daga baya sai ki mayar da shi Zoho ko Google Workspace.

Akwai kuma hanyar da ba sai kin sayi hostin ba sam, irin Bumpa ta nan gida ko Shopify da Wix na waje, kina biyansu su riƙe komai ke dai ki ɗora kaya daga wayarki. In kin san ba ki da wanda zai riƙa duba miki WordPress yana sabunta shi, wannan ya fi miki alheri a kan shafin da za a haɗa a watsar. Abin da kike rasawa shi ne ba ki iya ɗauke shafin ɗungurungum ki kai wani wuri, sai dai jerin kaya da na kastomomi, amma in domen naki ne kin haɗa shi da su to sunanki yana nan.

In kuma kin tsaya kan WordPress da yaron nan, ku yi magana tun yanzu kan bayan haɗawa, a rubuce ko da a WhatsApp ne: wa zai riƙa sabunta WordPress da fulogin duk wata, nawa ne ladansa, in shafi ya faɗi cikin awa nawa zai duba, kuma ya koya miki ko wata 'yarki yadda ake ɗora kaya da canza farashi da kanku don kar ki riƙa jiransa duk lokacin da kuɗin sandal ko farce ya tashi. Kuɗin aikinsa ki raba biyu, rabi a farko, rabi ranar da kika shiga asusun domen da na hostin da na WordPress da wayarki kika ga sunanki a kai, kuma kwafin farko ya sauka a Google Drive ɗinki. In da ya riga ya sayi domen ɗin da sunansa kafin ki karanta wannan, ba a makara ba, ki buɗe naki asusun a kamfani ɗaya ya tura miki shi ciki, wannan yawanci kyauta ne kuma nan take. Kai shi wani kamfani daban ne ke buƙatar lambar EPP, wato lambar sirrin ɗauke domen, daga wurinsa, kuma in .com ne sabo sai ya cika kwana 60 da rijista kafin a bari ya tashi.